Kibiya Ɗaya Kowace Safiya

Yaya ya shigo shagona da bakansa a cikin buhu, ya ture wata tayar keke gefe, ya ɗora shi a kan teburin aiki.

"Auta, ɗaure min notunan nan har ƙarshe. Ka kuma nemo min kibau marasa nauyi, masu gudu."

"Ina kwana dai, Yaya."

"Lafiya. Ɗaure."

Ni ne Autan. Furfura ta gama da kaina, ina da jikoki, amma a bakin Yaya har gobe ni ne wanda ake aika sayen ashana. Sana'ata gyara: keken hawa, keken ɗinki, injin naɗe zaren kamun kifi, da bakan zamani. Na yi yawo a zamanina. Na yi aiki a jirgin ruwa, na yi a gareji, na kuma share shekaru a bayan kantin wani mai sayar da kayan farauta, a wata ƙasa da har na baro ta ban iya gaisuwarsu daidai ba. Baki bai koyi komai a can ba, hannu ne ya koya.

Irin wannan bakan ba sanda da tsarkiya ba ne kawai. Yana da taya a kowane ƙarshe, da igiyoyi da suka sarƙe tsakanin tayoyin, da noti biyu masu riƙe rassansa. In ka ɗaure notunan, jan ya yi tauri, ƙarfi ya ƙaru. In ka sassauta, ya yi laushi. Farkon ja shi ne wahala, kamar tura mota a hawa. Da tayoyin sun juya sai nauyin ya faɗi, ka riƙe cikin sauƙi ka yi bara.

Da shi Yaya yake cin abinci. Yana gadin wata gonar 'ya'yan itace ta kamfani a bayan gari, aikinsa ya hana aladun daji tone saiwoyi da fasa bututun ban ruwa. Da can da bindiga yake yi. Sai gari ya biyo gonar, gidaje suka zo har bakin shinge, aka hana harbin bindiga a wurin, aka hana tarko da guba saboda yara da karnukan mutane. Baka ya rage. Aikin kuma da ɗaki yake tafe, ɗan ɗaki a jikin gidan famfo, mai taga ɗaya da ke kallon layukan bishiyoyi. Tun rasuwar matarsa can yake zaune.

Labarin ya riga shi zuwa wurina, domin 'yarsa ta kira ni tun jiya. Ya harbi wani tsohon namiji, ƙato, kibiyar ta shiga kafaɗa abin da bai fi yatsu huɗu ba, ta tsaya. Dabbar ta tafi da ita tana rinjaya a jikinta, jan gashin robar yana sama. Mutanen sababbin gidaje suka ɗauke ta a waya tana ratsa bayan shingensu, suka sa mata suna Mai Tuta, suka kai ƙara. Manaja ya kira Yaya ofis, ya ce kafin masu tsinkar 'ya'yan itace su fara zuwa, ko dai a ga gawar Mai Tuta, ko a kawo masu shingen lantarki su kewaye gonar. In aka yi shingen, ba a bukatar maharbi, ɗakin kuma ya koma sito.

Na zaro ɗaya daga cikin kibansa na ɗora a tafin hannu. Ba ta fi tsinken tsintsiya nauyi ba, kanta kuma irin mai wuƙaƙe a naɗe ne, wanda sai ya bugi nama yake buɗewa.

"Da wannan ka nufi kafaɗar namijin alade? Yaya, wurin nan fa garkuwa ce. Ƙirgi ne da guringuntsi da laka ta shekaru."

"Gudu ne ya yi kaɗan."

"Wa ya ce maka?"

"Hannuna ya ce min. Tun kana tsotsar yatsa nake harbi."

Ban ja da shi ba. Na ɗauko firam ɗina na katako, na ɗame takarda a jiki, na kafa shi a lungun bayan shago, buhun tsumma a bayansa. Gwajin mai sauƙi ne. Mutum ya tsaya kusa ya harba ta cikin takardar. In kibiya ta tafi a miƙe, za ta bar ƙaramin rami kewayayye da tsaga uku na gashinta. In tana tafe a karkace, gindinta zai yaga takardar ya nuna maka inda ya kauce.

Yaya ya maƙala wa tsarkiya ƙugiyar saki da ke ɗaure a wuyan hannunsa, ya ɗaga bakan sama kamar mai nuna wa wani tsuntsu, ya ja. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, na ga ya cije leɓe. Kafin tayoyin su juya, kafaɗarsa ta dama ta yi wata 'yar ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Ya saki. Takardar ta yage gefe, tsawon ɗan yatsa.

"Ka gani? Ko ka ƙara mata gudun jirgin sama, a karkace take isa. Ka taɓa buga ƙusa a karkace? Ƙarfin guduma duk a lanƙwasa ta yake ƙarewa."

"To miƙe ta. Ba aikinka ke nan ba?"

Na wuni a kansa. Na sa bakan a matsi, abin da ke danne rassansa igiyoyi su saki, na duba ko tayoyin biyu suna juyawa tare, na murɗa igiya ɗaya, na gyara mazaunin kibiya, na auna, na sake aunawa. Tsawon hannunmu ɗaya ni da Yaya, saboda haka ni na riƙa gwadawa, shi yana zaune kan benci yana shan shayina yana kushe shi. Wajen la'asar na harba, ramin ya fito kewayayye kamar an huda da ƙusa. Na sake, haka. Na miƙa masa bakan ina jin kaina.

Ya harba. Takarda ta yage gefe. Ya sake, ta yage fiye da na farko. A na uku sai da na sa sabuwar takarda.

Muka tsaya muna kallon firam ɗin. Na koma bayansa na ce ya sake ja ba tare da ya saki ba, sai na ga abin. Gwiwar hannunsa ta dama ba ta komawa baya ta yi layi da kibiya, kafaɗar ba ta yarda. A gefe take tsayawa, tana jan tsarkiyar zuwa waje. Kowane ja kuma kafaɗar na ƙara gajiya, gwiwar na ƙara kaucewa. Na ɓata wuni ina saita bakan wa hannuna, alhali ba ni zan shiga gona da shi ba.

"Bakan lafiyarsa ƙalau," na ce.

"To ni ne ba ni da lafiya ke nan."

"Ni ban ce ba."

"Ka ce mana. Da can ma bakinka ba shi da linzami."

Ya zauna, ya dafa kafaɗar da hannun hagu, sai ya tuna ina kallo ya sauke.

Kwana biyu muka yi muna ciniki, kamar masu sayen doki. Ni ina so in sassauta notunan, in rage jan daga laba saba'in zuwa hamsin da 'yan kai. Shi a wurinsa wannan zagi ne. Sai da na haɗa kibiya ɗaya yadda nake so: kyauro mai kauri, na cusa ƙarfe a gabansa don nauyin ya rinjaya gaba, na ɗaura mata kai mai baki biyu, ƙarfe guda ba abin buɗewa, na wasa shi har ya aske gashin hannuna. Na jingina tsohuwar tayar babbar mota a bango. Na harba tasa da jan saba'in, ta shiga ta tsaya tana rawa. Na sassauta notunan a gabansa, na harba tawa. Tafiyarta har ido yana iya bi, amma ta huda gefe ɗaya ta leƙo ta ɗayan.

Ya je ya tsuguna, ya kama ta ya girgiza.

"Kamar jaki take tafiya."

"Jakin ya isa, da kayansa. In na jefe ka da ƙwallon auduga iya ƙarfina, in kuma na jefe ka da dutse a hankali, wanne za ka kauce wa?"

"Daga nesa za ta faɗi ƙasa."

"Ba daga nesa za ka harba ba. Sai ka ji warinsa."

Bai ce ya yarda ba. Yaya bai taɓa cewa ya yarda ba tun da na san shi. Ya dai bar bakan a kan teburi ya tafi.

Da yamma 'yarsa ta zo, wadda muke kira Nas saboda aikinta. Ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta zauna a inda ubanta ya zauna, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Baffa, ka ce masa bakan ba ya gyaruwa."

"Yana gyaruwa."

"Na sani. Ka ce ba ya yi."

"Ubanki zai gane kafin in rufe baki. Kuma sai ya kai wa wani, wanda zai ɗaure masa notunan ya karɓi godiya."

"Jijiyar kafaɗar nan ta kusa rabuwa, Baffa. Na ga hoton da idona. Kamar tsohuwar igiyar guga take, zare-zare. Ga ɗaki na gyara masa a wurina, ga yara suna murna. Me zai ci gaba da yi a jikin famfo shi kaɗai kamar mujiya?"

Gaskiya ta faɗa, ban kuwa musa mata ba. Na san ɗakin da take nufi, yana can saman bene, tagarsa tana kallon bangon wani benen. Na san kuma Yaya. Na ga maza irinsa da aka kwashe aka kai irin wannan ɗakin, ana ba su abinci a kan lokaci, ana kunna musu talabijin. Ba sa daɗewa, kuma ba ciwo ke ɗaukarsu ba.

"Ɗiyata, bar ni in gwada abu ɗaya. Zan rage masa ja, in rage masa yawan harbi. In bai yi ba, ni da kaina zan ɗauko masa kayansa a ka."

"In hannun ya tafi fa?"

Na mai da ido kan bakan da ke kan teburi. Ta mayar da takalminta, ta ce a gaida Inna, wato matata, ta fita.

Abin da na yi niyya, duk wanda ya koya min sana'ar nan da zai gani da ya kore ni daga shago. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Yaya kuwa ya bushe. Tunda ba zan iya miƙe mutumin ba, sai in karkatar da bakan daidai karkatarsa, yadda in karkata ta haɗu da karkata kibiya ta fita a miƙe. Matsalar ita ce karkatar tasa ba ɗaya ba ce. Ta ja na farko daban, ta na biyu daban, ta na uku ba a magana. Alade kuwa ba ya tsayawa a harbe shi sau biyu. Saboda haka ja na farko kaɗai zan yi wa saiti, shi kuma sau ɗaya yake zuwa a rana.

Na faɗa wa Yaya. Ya kalle ni kamar na ce ya riƙa cin shinkafa ƙwaya ɗaya-ɗaya.

"Kibiya ɗaya?"

"Ɗaya. In ka ja baka a gida ko da wasa, ranar ta lalace."

Haka muka fara. Ya hau bas da safe ya zo shago, ya sha shayi, ya tsaya gaban takarda ya harba guda. In duba yagewar, in matsar da mazaunin kibiya abin da bai kai kaurin farce ba, ko in sa bakan a matsi in ƙara wa igiya rabin murɗi. Shi ke nan, sai gobe. Ba halin in gwada da hannuna, don a hannuna yanzu bakan shirme yake harbawa. Wata rana yagewar ta ragu, wata rana in wuce gona da iri ta koma ɗaya gefen. Yaya ya zauna yana kallon ina cire ƙaya daga tayar keken wani, yana cewa a zamaninsu mai gyara gyara yake yi, ba duba ba.

Sannu a hankali ramin ya rufe, har wata safiya ya fito kewayayye. Washegari ma haka. Na naɗe masa kibau uku a tsumma, na ce Allah ya ba da sa'a. A raina na ce na huta.

Kwana biyu sai ga wayarsa.

"Auta, aikinka na banza ne."

"Ka harbe shi?"

"Bai zo ba. Da rana ta fito na harbi buhu. A gicciye kibiyar ta tsaya kamar an jingina ta."

Na rufe shago na tafi. Ya nuna min maɓoyarsa, 'yar bukka ta rassa da tsohon tamfol a bakin magudanar ruwa, inda aladun ke ratsowa. A ciki akwai kujerar roba mai gajerun ƙafafu. Na tambaye shi tun yaushe yake shiga, ya ce tun kafin gari ya waye, ya zauna ko tari ba ya yi har rana ta ɗaga. Na dafa kujerar na ji raɓa. Sai na zauna a kanta na yi dariyar da ba ta da daɗi.

Mutumin da na yi wa saiti a shago ya riƙe ƙarfen bas da hannun nan tun daga bayan gari, ya sha shayi mai zafi, ya harba a tsaye. Wanda zai harbi Mai Tuta kuwa a zaune yake, cikin sanyi, kafaɗa ta sandare. Ba mutum ɗaya ba ne. Duk safiyoyin nan na ƙarar da su a kan wanda ba shi zai yi harbin ba.

"Sai mu sake daga farko," na ce. "A nan."

"Masu tsinka sun kusa. Jiya aka kawo kwanduna."

"Na gan su a bakin ofis."

Daga ranar rayuwata ta koma hannun bas ɗin farko. In tashi ido na yaji, in rataya bakan, in ɗauki firam ɗin takarda a hammata, direba yana tambaya ko hoton wa zan ɗauka. Matata ta ce tun muna da ƙuruciya ban taɓa yi mata sammako irin wanda nake yi wa alade ba. In isa, mu shiga bukka, Yaya a kujera, ni a kan bokiti da aka kifa. Mu yi shiru. Sauro ya ci rabonsa. Gwiwoyina su yi tsami, bayana ya riƙe. In lokacin zuwan aladu ya wuce ba Mai Tuta, in fita in kafa firam a gaban bukka, Yaya ya harba kibiyarsa ta ranar daga zaune. In gyaran na alanki ne, ɗan ƙarfen juya noti, in yi nan take. In na matsi ne in koma da bakan shago, in tarar da masu kekuna sun yi layi suna zagina a ciki.

Wasu aladun suna zuwa. Wata safiya wata matashiya ta tsaya a gabanmu ta ba da haƙarƙari, kamar an zana ta. Na ji numfashin Yaya ya canza, na ga yatsunsa sun matsa kan ƙugiya. Na dafa masa gwiwa. Ta gama tononta ta wuce.

"Aikina ke nan fa ka hana ni," ya ce daga baya.

"Ba gawarta Manaja ya tambaya ba. Ka kashe ta a nan, jini ya zuba, tsohon nan ba zai sake biyo hanyar ba."

"Kai da ba ka taɓa kashe ko ɓera ba."

"Na zauna da mutane, ai duk ɗaya ne."

A irin wannan zaman na ga yadda ya tsufa. A shago yana da baki, baki kuwa yana ɓoye shekaru. A bukka ba magana, sai fuska. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke shi, haɓa ta sauka kan ƙirji, ya farka a firgice ya kalle ni ko na gani. Ni kuma in mai da ido kan magudana.

Manaja ya same mu wata safiya muna naɗe firam. Mutum ne mai ƙiba da jakunkuna a ƙarƙashin ido, ba mugu ba, shi ma wasu ne a samansa.

"Baba, ina labari?"

"Yana nan tafe."

"Sun sake turo hotonsa shekaranjiya. Ya rame. Matar nan mai karnuka ta ce za ta kira 'yan jarida." Ya kalli takardar da ke hannuna. "Wannan fa?"

"Awo muke yi, ranka ya daɗe."

"Ku yi ku gama. Farkon mako masu tsinka za su shigo, ba zan sa mata da kwanduna cikin bishiyoyi da wannan abin yana yawo da ciwo ba."

Ranar yagewar ta rage kamar faɗin farce biyu. Na matsar da mazauni kaɗan, na ce gobe mu gani. Ban sani ba ko na kai, ko na wuce.

Goben ba mu kai ga takarda ba. Gari ya fara haske ke nan, sai na ji wari, irin na naman da ya kwana a rana. Sannan na ji taku a cikin laka. Ya fito daga magudana a hankali, yana ɗingisa ƙafar gaba. Tutar ta karye, saura guntun kyauro a kafaɗa, wurin ya kumbura ya yi baƙi, ƙudaje na binsa tun da sassafen nan. Ƙashin bayansa duk a waje. Ban taɓa jin tausayin alade ba sai ranar, na kuma gane ba don ɗaki kaɗai Yaya yake kasa barci ba.

Na matso da baki kunnensa. "Ba a gama saitin ba."

Bai ko kalle ni ba.

Dabbar ta nufo mu kai tsaye, ta ba mu goshi da garkuwa, inda ba kibiyar da za ta shiga. In Yaya ya ja yanzu, sai ya riƙe har ta juya, kafaɗar kuwa ba za ta riƙe ba. In ya ja ya mayar, ja na farko ya tafi a banza, na biyu kuma mun san inda yake kai kibiya. Ya zauna kamar gunki, bakan a kan gwiwa. Ta matso har ina jin gurnanin numfashinta. Ta tsaya ta ɗaga hanci. Na ce shi ke nan, ta ji mu. Sai ta sunkuya kan wani ɗan itace da ya faɗo, ta juya mana gefe, ta ɗan ba da baya.

Yaya ya ja. Ƙarar da kafaɗar ta yi wannan karon ba irin ta kullum ba ce, kamar an yaga tsohon yadi. Na ga fuskarsa ta yi fari, amma tayoyin sun juya. Ya kai hannu gefen haɓa, ya yi jim, ya taɓa kunamar ƙugiya.

Na ga tafiyar kibiyar. Ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Ta shiga bayan kafaɗa, ta nutse har gashi. Dabbar ta zabura, ta fasa cikin ciyawa, muka ji ta faɗa magudana, ruwa ya yi ta motsi, sannan ya lafa.

"Ta shiga," na ce. Sai ka ce ni na harba. "Yaya, ta shiga duka."

"Karɓi bakan nan."

Na karɓa. Hannunsa na dama yana rataye a gefensa kamar ba nasa ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaga shi ya kwance ƙugiyar daga wuyan hannu, bai tashi ba. Ni na kwance masa.

Manaja ya zo da tarakta da mutum biyu, suka ɗaure gawar da igiya suka jawo ta. Ya ɗauki hoto ta kowane gefe don masu ƙara. Sannan ya dubi Yaya, ya dubi hannun da Yaya ya cusa cikin aljihun riga don kada ya yi lilo. Ya gani sarai. Ya mai da wayarsa aljihu.

"Bana dai ɗakin naka ne, Baba. Da masu tsinka a ciki aladu ba sa matsowa sosai, ka samu ka huta. Baɗi kuma ba a bakina maganar take ba. In ɓarna ta dawo, za su ce shinge."

"Ba za ta dawo ba."

"Allah ya sa."

Nas ta iso kafin azahar. Ta duba kafaɗar, ta danna nan ta danna can, ta ce ya ɗaga, ya kasa. Ta rataye masa hannun a wuya da bandeji, ta ce gobe asibiti, ba shawara take ba shi ba. Ni ko kallo ban ishe ta ba. Na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Muka zauna a ɗakin, famfo yana ta bugawa ta bayan bango. Na haɗa shayi. Yaya ya ɗauki kofi da hagu, rabi ya zube masa a wando, ya yi tsaki. Ya daɗe yana kallon hannun hagun, yana juya shi, yana dunƙulewa yana buɗewa.

"Auta."

"Na'am."

"Irin bakan nan, ana yin na bahago?"

Nas ta tsaya da naɗe ragowar bandejin, ba ta ɗago ba.

"Ana yi," na ce. "Amma ba juya wannan ake yi ba, wani ne daban. Ido ma sai ka sake masa tarbiyya. Kuma sai wancan hannun ya warke har ya iya tokare baka, in ya warke."

"Zai warke."

"Yaya, daga farko fa ke nan. Da na yara za ka fara, mai laushi, irin wanda ake saya musu su harbi kwali."

Ya kurɓi abin da ya rage a kofin, ya ajiye shi a ƙasa a hankali don kada ya kife.

"To nemo na yaran."